Gidan da Aka Hana Kwana

Ranar da Manase ya fara zuwa neman auren Losaline, mahaifinta ko kujera bai nuna masa ba. A tsaye ya bar shi a bakin gareji, shi kuwa yana ta goge motarsa kamar ba da shi ake ba.

"Mece ce sana'arka?"

"Kafinta ne ni, Baba. Ina taɓa gini da fenti."

"Ban ce maka ni babanka ne ba. Danginku nawa ne a nan Logan?"

Manase ya yi murmushi, shi a zatonsa abin alfahari aka tambaye shi. "Ai muna da yawa. Rabin cocinmu mu ne."

"To, shi ke nan. Ka gaida gida."

Losaline tana bayan labulen falo tana jin komai. Nan ta sulale ƙasa ta toshe bakinta da hannu, don kada kukan ya fito.

Duk wani ɗan ƙasar Tonga da ke garin Logan na Ostireliya ya san Taniela, mahaifin Losaline, mai manyan motocin kwashe kaya. A bayan idonsa Bature ake kiransa, saboda ko biki ake ko mutuwa, ambulan ɗaya na gudummawa yake aikawa, ba ya ƙarawa, kuma ba ya jin kunyar kowa. Masu zaginsa sun manta abin da ya mai da shi haka. Yana da kanti a birnin Auckland lokacin Losaline tana ƙarama. Kowane ɗan'uwa ya yi rashi, a kantin ake ɗibar shinkafa da naman gwangwani. Kowa zai aurar da 'ya, a kantin. Matarsa Seini ce ke miƙawa, don ita ba ta taɓa iya kallon idon ɗan'uwa ta hana shi ba. Da kantin ya rushe ta shiga aiki biyu, masana'antar kaji da sharar ofisoshi, tana yi tana aika wa dangi, har ranar da ta faɗi a tashar bas ba ta ƙara tashi ba.

Tun daga nan Taniela ya kwaso 'yarsa ɗaya tilo ya tsallako Ostireliya, ya rantse ba zai ba da ita ga mutumin da dangi ke ja da hanci ba.

Shi wanda yake so Sefita ne, dillalin gidaje, mai kwat da turare da hotonsa a jikin kujerun tashar bas. Losaline kuwa ko muryarsa ta ji sai ranta ya ɓaci.

Ta yi kuka, ta yi yajin cin abinci, ta rame har siket ɗinta na coci ya fara juyawa a ƙugunta. Ba yarinya ba ce, ita ke riƙe da ofishin mahaifinta gaba ɗaya, amma a kan wannan magana ba ta da ta cewa. Sai wata Lahadi bayan coci mahaifin ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ki ce wa kafintan nan naki ya same ni ofishin lauya gobe."

Su huɗu ne a ɗakin, da lauyar, wata Baturiya mai tabarau. Taniela bai yi wani kewaye-kewaye ba.

"Akwai wani tsohon gida a unguwar Woodridge. Rufinsa yana yoyo, gara ta cinye rabin katakon daɓen. Ni zan saye shi da kuɗina, ni zan sayi kayan aiki. Kai ƙarfinka za ka zuba, babu albashi. In an sayar, sai na fara cire uwar kuɗina, da abin da aka kashe, da na dillali da na gwamnati. Abin da ya rage mu raba biyu daidai."

"Na yarda," in ji Manase tun kafin a rufe baki.

Losaline ta harare shi. "Baba, sunan wa za a sa a takardar gidan?"

"Sunan mai kuɗi."

"In aka yi asara fa?"

"Ni na yi asarar kuɗi, shi ya yi asarar gumi. Ke lauyarsa ce?"

Ta sunkuyar da kai.

"Saura sharaɗi," in ji Taniela, ya juya gaba ɗaya ya fuskanci Manase. "Ba ɗan'uwanka da zai ɗaga guduma a gidan nan don a biya shi. Kuma ba mahalukin da zai kwana a ciki, ko dare ɗaya, ko kai kanka. Inshorar gidan da ake gyara na yanka, ba ta gidan kwana ba. In ka karya, rabonka ya faɗi, ladan lebura kawai za a ba ka. Maganar Losaline ma ta faɗi tare da shi. In kuwa ka kai gidan kasuwa lafiya, ka turo manyanka."

Lauyar ta ɗago kai ta ce maganar aure ba ta shiga irin wannan takarda.

"Ba sai ta shiga ba," in ji Taniela. "Hannunka na gani, yaro, ka iya aiki. Bakinka nake son in gani, ko ya iya cewa a'a."

Manase ya sa hannu. A bakin ƙofa ya yi wa Losaline raɗa, "Kin ga? Gida kawai zan gyara in same ki. Da na san haka kike da araha, da tuni."

Ta yi dariya hawaye na zuba. Ita ta san mahaifinta, ta san ba araha a ciki.

Ya kuwa yi aiki kamar ba gobe. Ya kware rufin, ya sake daɓen da katako mai ruwan zuma, ya fasa bangon da ke tsakanin kicin da falo har haske ya cika ko'ina. 'Yan'uwansa samari suka yi ta zuwa neman ɗan aikin yini, yana ba su haƙuri, suna tafiya suna zumɓura baki. Losaline takan kai masa abincin rana, rogo da kifi a ruwan kwakwa, su zauna a kan bokitan fenti a buɗaɗɗen fili inda kowa ke ganinsu. Ƙarshen abin da ya yi shi ne shimfiɗa sabuwar ciyawa a bayan gidan, yana ba ta ruwa safe da yamma kamar mai renon jinjiri.

Aka sa Asabar a matsayin ranar da masu saye za su zo gani. Sefita aka ba dillancin, don zaɓen dillali ma haƙƙin mai kuɗi ne.

Ana cikin wannan mako Baffa Sitani ya rasu.

Shi ne yayan mahaifin Manase, kuma shi ya riƙe shi tun yana ɗan ƙarami. Kafin a ce me, dangi sun fara sauka, daga tsibirin Vava'u na Tonga, daga Auckland, daga Sydney, kowane jirgi da nasa ayarin. Gidan mamacin ɗaki biyu ne. Aka cika shi, aka cika na maƙwabta, aka cika gareji.

Washegari da rana wayar Losaline ta yi ƙara. Da ƙyar ta gane muryar Manase.

"Losa, na faɗa mata."

"Wa? Me ka faɗa?"

"Gwaggo Akesa. Ta ce in ba ta mukullin gidan a sauke baƙi. Na ce a'a."

Losaline ta dafe ƙirji. Wanda duk ya tashi a cikinmu 'yan Tonga ya san matsayin 'yar'uwar uba. Ita ke raɗa maka suna, ita ke zama a saman tabarmi ranar aurenka, in ta shigo ɗakinka ta ga abin da ya yi mata ta ɗauka, kai ne da godiya. Ba a musu da ita, balle a hana ta abu a gaban mutane, a tsakiyar makoki.

"Me ta ce?"

"Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi." Ya rage murya. "Cewa ta yi in an gama kwanakin makoki za ta aske gashin duk 'ya'yan gidan bisa al'ada, ban da nawa. Ta ce Baffa bai bar ɗa mai suna Manase ba."

"Wayyo Manase..."

"Mutumin da ya goya ni, Losa. Ina can bayan gidan ina fere doya, ba wanda ke kallona. Har yara sun daina gaishe ni." Sai ya ce, "Amma kar ki damu. Asabar ta kusa. Ki gaya wa babanki bakina ya iya."

Ta ajiye wayar ta kifa kanta a tebur. Ba ta taɓa jin sonsa kamar na ranar ba, kuma ba ta taɓa jin ta tsani kanta haka ba.

Ranar Laraba da hantsi, mahaifinta ya bi mota zuwa Toowoomba, tana ofis ita kaɗai aka turo ƙofa. Gwaggo Akesa ce, cikin baƙaƙen kaya, da tabarmar makoki ɗaure a ƙugunta kamar yadda al'adarmu take. Losaline ta zabura ta jawo mata kujera.

Tsohuwar ta dubi kujerar, ta dubi Losaline. Sai ta dafa bango, ta durƙusa a hankali, ta zauna a ƙasa a kan siminti, ta tanƙwashe ƙafafu.

Matar da duk zuri'arsu ke zama a ƙasa in tana sama, yau ita ce a ƙasa a gaban sa'ar 'yar cikinta. Losaline ta zube ita ma a kan gwiwoyinta, tana ƙoƙarin ta fi ta yin ƙasa, amma ina, ba inda ya fi ƙasa.

"Gwaggo, don Allah ki tashi. Kar wani ya shigo ya ga haka."

"Bari su gani. Roƙo na zo, mai roƙo kuwa nan ne wurinsa."

"Gwaggo, ba ni da iko da gidan nan. Na Baba ne."

"Ban ce ki ba ni gida ba, 'yar nan. Tsofaffi gare ni daga Vava'u, ba su san sanyin ƙasar nan ba, suna kwance a gareji a kan kwali. Jiya ɗaya ta kwana tana tari har na zaci za mu yi gawa biyu. Akwai mai jego da jaririnta. Ga gida can ɗaki uku, ba kowa ciki sai ƙamshin fenti. Wace irin ƙasa ce wannan da ake ajiye gida wa mutanen da ba a ma san su ba, naka suna waje?"

Hawaye suka zubo wa Losaline.

"Kwana biyu," in ji Gwaggo Akesa, murya ƙasa-ƙasa. "Juma'a da safe za a binne shi. Kafin yamma ko tsinke ba za ki gani ba, da hannuna zan goge daɓen. Babanki ba zai sani ba, shi yaron ma ba sai ya sani ba." Ta kamo hannun Losaline ta riƙe. "Ke ce za ki shigo mana. Ranar da za a kawo ki, ni zan shimfiɗa miki tabarma, ba wata ba. Shi kuma zan aske masa gashinsa tare da 'yan'uwansa. Ko kina so ya rayu yana wanda bai yi wa ubansa makoki ba, saboda ke?"

Mukullin gidan na biyu yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, da ɗan jan zare a jikinsa. Losaline ta dube shi. Ta san abin da ya kamata ta ce, kalma ɗaya ce, Manase ya faɗe ta jiya. Ta buɗe baki ta neme ta, ta rasa.

Ita dai ta ga hannunta yana miƙawa.

Juma'a da yamma ta kira Gwaggo Akesa, ba a ɗauka ba. Ta sake kira, ta sake. A wurin wata ƙawarta ta ji labari: an ɗaga jana'izar, babban ɗan mamacin bai samu jirgi daga Amurka ba sai Litinin. Ta ɗauki jaka za ta fita, mahaifinta ya ce ta zauna su duba takardun gobe. Ta ɗauko waya za ta kira Manase, ta rasa ta inda za ta fara. Haka ta yi ta juya abincinta da cokali, tana gaya wa kanta wataƙila sun tashi, ai Gwaggo babba ce, ai ta yi alkawari.

Da safe Taniela ya fito cikin farar riga mai guga, har da 'yar waƙar coci a bakinsa.

"Kafintan nan naki bai yi laifi ba," ya ce a mota. "Kar ki gaya masa na faɗa."

Ta juya fuskarta wajen taga.

Tun daga kwanar titin ta hango hayaƙi.

Motoci sun hau kan ciyawar gaba. An lulluɓe shingen da baƙin yadi da shunayya, yadda muke yi wa gidan rashi. A bakin ƙofa takalma ne tsibi guda, daga ciki kuma muryoyin mata ke tashi da waƙar makoki, mai daɗi har ta sa tsigar jiki tashi. Ta gefen gida ana hango bayan, inda aka haƙa ramin gasa abinci a tsakiyar sabuwar ciyawar, aka jera duwatsu, maza suna sauke ƙunshin ganyen gwaza da haƙarƙarin rago.

A tsallaken titi masu saye sun yi cirko-cirko. Wani Bature da matarsa suka ja karensu suka koma mota.

Sefita yana tsaye kusa da allonsa na tallan gidan, da 'yan tutocinsa a hannu. Ya taho da sauri, fuskarsa a ɗaure, amma idanunsa dariya suke.

"Baba, ni masu saye na ce zan kawo. Ban san an riga an sayar wa rabin Vava'u ba."

Taniela ya dubi shingen, Sefita ya ci gaba.

"Na leƙa ciki. Katifu har cikin kicin, an buga ƙusoshi a bango an rataye tabarmi. Daɓen nan kuwa, sai dai a sake gogewa." Ya saci kallon Losaline. "Na kira shi maigidan kafinta, yana hanya. Ai ni tun farko na faɗa, wasu mutanen ko gidan sarki ka ba su, sai sun mai da shi zauren cocinsu."

"Kai daga wace ƙasa ka fito?" in ji Taniela, bai ko dube shi ba. Sefita ya haɗiye sauran.

Taniela ya taka har bakin ƙofa, ya tsaya ya ɗan jima yana kallon ƙofar, ya dawo.

Sai ga tsohuwar motar Manase. Ya diro da ƙatuwar tabarmar makoki mai yagaggen baki, irin ta 'ya'yan mamaci, tun daga ƙirji har ƙasa. Ya dubi shingen, ya dubi hayaƙin, ya dubi ramin da ke cikin ciyawarsa. Hannunsa ya kai aljihu ya taɓa mukullinsa. Sannan ya dubi Losaline, kallo ɗaya tak.

Ta ga lokacin da ya gane.

Ya tako gaban Taniela ya zauna a ƙasa a bakin titi, ya sunkuyar da kai.

"Ni na bayar, Baba. Na kasa."

Gwaggo Akesa ta fito bakin ƙofa da kwano a hannu. Ta ji abin da ya ce. Ta dubi Losaline, ta kawar da kai, ta koma ciki.

"Ka san sharaɗin," in ji Taniela.

"Na sani."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya cire takalmansa ya ajiye a kan tsibin, ya shiga yi wa tsofaffin gaisuwar rashi, don duk Baturancinsa bai kai ya wuce gidan makoki a tsaye ba.

Losaline ta ja tabarmar Manase har gefen gida, bayan tankin ruwa. Nan kukan da take riƙewa tun jiya ya ƙwace.

"Me ya sa? Me ya sa za ka ce kai ne?"

"To wa zan ce?"

"Ni! Ni na ba ta! Ta zo ta zauna min a ƙasa, Manase, a kan siminti, ta ce ba za ta aske maka gashi ba, ta ce tsofaffi..."

"Na sani. Na san Gwaggo." Ya yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo. "Ni sai da na yi kwana ina shiri kafin in iya. Ke a ba-zata ta same ki."

"Ka sha wahalar banza. Sun juya maka baya a banza. Duk aikin nan, ciyawarka..."

"Ciyawa tana tsirowa."

"Kar ka yi min wasa!" Ta buga ƙirjinsa da hannu biyu, tabarmar ta yi ƙara. "Rabonka ya tafi, ni ma na tafi. Ba ka ji shi ba?"

Idanunsa suka kawo ruwa. "Na ji. Amma ni in ya kore ni, korar baƙo ya yi, zan sake dawowa, in sake, har ya gaji. Ke kuwa kaɗai gare shi, Losa. Mutumin nan bai yarda da kowa a duniya ba sai ke. In ya san ke ce, me ya rage masa? Ki yi shiru. Don Allah ki yi shiru."

"Ba zan iya ba."

"Ki iya. Yau kaɗai."

"Ka gani?" ta ce cikin shessheƙa. "Kai ma roƙona kake. Kowa roƙona yake, ni kuwa ban san yadda ake ƙi ba."

Ta juya ta tafi, yana kiran sunanta ƙasa-ƙasa.

Ta tarar da mahaifinta ya riga ya koma mota, hannuwansa a kan sitiyari, bai tayar ba. Ta shiga ta rufe ƙofa.

"Baba, ba shi ba ne."

Ta juyo ta fuskance shi, ta ci gaba.

"Gwaggonsa ta tambaye shi a gaban kowa, ya hana ta. Har ta ce ta cire shi daga 'ya'yan gidan. Wurina ta zo ranar da ka tafi Toowoomba. Ni na ba ta mukullin da ke ofis."

"Mai jan zare," in ji shi. "Yana nan a jikin ƙofa, sun bar shi. Ni na ɗaura zaren."

Ta ɗago a firgice. "Ka sani? To me ya sa ka bar shi ya..."

"Ina son in ga iyakarsa. Na kuwa gani." Ya ja dogon numfashi. "Ya hana gwaggonsa. Ni kaina sai da na binne mutum kafin in iya wannan. Sannan ya zauna a titi ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Yaron nan bai karya min sharaɗi ba. Rabonsa yana nan, rabi cif. Gyaran ɓarnar nan daga nawa za a cire, tun da daga gidana ta fito. In yana so, akwai wani gida a Kingston, mu sake."

Wani sanyi ya ratsa ta tun daga kai har ƙafa. Ta kamo hannunsa da nata biyu. "Baba, na gode, na gode! To manyansa, bayan makoki..."

"A'a."

Ta tsaya da hannunsa a nata.

"Shi na zauna ina gadi, ashe ba ta nan ɓarakar take ba." Muryarsa ta fara rawa, abin da ba ta taɓa ji ba. "Ya ce a'a, sai suka zagaye shi suka zo wurinki. Tun ba ki shiga gidan ba ke nan, Losa. In kin shiga fa? Shi yana kan rufin wani yana aiki, ke kina gida, su kuwa rabin coci. Yau mukulli, gobe albashinki, jibi lafiyarki. Kuma ba mugaye ba ne, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Kullum akwai tsohuwa mai tari, kullum akwai jariri."

"Zan koya, Baba. Wallahi zan koya. Sau ɗaya ne."

"Haka mahaifiyarki ma take ce min."

"Baba, ka tausaya min. Ina son sa."

"Na sani." Ya zare hannunsa a hankali, ya share fuskarsa da shi. "Da kika miƙa mata mukullin nan, na san yadda fuskarki take, ko ban gani ba. Na zauna da wannan fuskar shekara da shekaru. Na binne mace ɗaya da ba ta iya cewa a'a ba. Ba zan binne ta biyu ba."

Ta buɗe baki. Yanzu ma kalmar nan ɗaya ce ake bukata, ta ce masa a'a, ba ta yarda ba, ba zai raba su ba. Ta dubi furfurarsa, ta dubi jiƙaƙƙen idonsa, ta neme ta har ƙasan ranta. Babu.

Ya buɗe ƙofa ya fita.

Ta gilashin mota ta bi shi da kallo. Manase yana bayan gidan, ya riga ya samo shebur yana tattara yankakkun ciyawar da aka watsar gefe, yana jera su a inuwa. Taniela ya je har inda yake. Ba ta jin abin da ake faɗa, ta dai ga mahaifinta yana magana, yana nuna gidan. Sai ya miƙa hannu, abin da bai taɓa yi ba tun ranar gareji.

Manase ya goge tafinsa a jikin tabarma, ya karɓi hannun da nasa biyu. Sannan ya waiwayo yana neman ta. Da ya hango ta a mota, fuskarsa gaba ɗaya ta washe, ya ɗaga mata hannu sama kamar yaron da ya ci jarrabawa, bai san sauran maganar ba.

Ita ma ta ɗaga masa nata.